Rinin da ya kama cibiyar ƙwaya: labarin ƙoƙarin rage wa yara masu ƙarin ƙwaƙwalwa irin WNT gashin radiyeshon

A shekarar 2005 wasu masu bincike a Newcastle ta Ingila, cikinsu har da David Ellison da Steven Clifford, suka fitar da sakamakon wani aiki da bai buƙaci wata gagarumar na'ura ba. Gutsattsarin ƙari suka ɗauko, waɗanda aka yanko daga kawunan yara 109 da aka yi wa magani a wani gwaji na Turai mai suna PNET3, aka daskarar da su cikin kaki aka adana. Suka fere su sirara fiye da ɓawon albasa, suka shimfiɗa a kan gilashi, suka zuba musu rinin da ba ya kama komai sai wani furotin da ake kira beta-katenin. A yawancin gilasan rinin ya tsaya ne a gefen ƙwayoyin halitta, a wasu ma bai kama ba sam. Amma a guda 27 ya ratsa har cibiyar ƙwaya, ya mai da ita ruwan ƙasa. Da suka koma kan takardun asibiti sai lissafi ya fito fili. Cikin yaran da rini ya kama cibiyar ƙwayoyin ƙarinsu, kashi 92 cikin ɗari suna raye bayan shekara 5. Sauran kuwa, kashi 65.

Duk yaran nan suna ɗaya aka rubuta wa ciwonsu, madulobilastoma, kuma dukkansu an gasa musu kai da laka baki ɗaya da hasken radiyeshon mai kashe ƙwayoyin daji. Likitan da ya duba naman da rinin da aka saba amfani da shi ba zai ga bambanci ba: ƙananan ƙwayoyi ne shuɗɗa a cunkushe, kamar gero a cikin ƙwarya. Ashe ba ciwo ɗaya ba ne. Daga nan tambaya ta taso, wadda har yau ba a gama da ita ba. Tunda waɗannan yaran suna warkewa haka, don me za a ci gaba da ɗora musu azababben maganin da ake yi wa sauran?

Ciwon da kuɗin fansarsa

Madulobilastoma shi ne ciwon dajin ƙwaƙwalwa da ya fi yawa a tsakanin yara. A ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya yake tsirowa, wadda ke kula da daidaiton tafiya da motsin hannu. Wurin matsattse ne, ga shi hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ta nan ta ratsa, don haka da ƙarin ya ɗan girma sai ya toshe hanya, ruwa ya taru. Yaro ya tashi da asuba da ciwon kai, ya yi amai, ya ɗan samu sauƙi, gobe a sake. Bayan 'yan makonni a ga yana tangaɗi, ko ido ya karkace. Percival Bailey da Harvey Cushing ne suka raɗa masa suna a 1925 a Boston, kuma cikin marasa lafiya 61 da Cushing ya ba da rahotonsu a 1930 kusan babu wanda ya wuce shekara 3 bayan tiyata, duk da ƙwarewar hannunsa.

Abin da ke kashe su shi ne yaɗuwa. Ƙwayoyin ƙarin kan ɓalle su bi ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa da laka, su sauka inda suka ga dama, daga goshi har ƙugu. A 1953 Edith Paterson da abokin aikinta Farr a Manchester suka nuna cewa sai an gasa duk inda ruwan ke kaiwa, kai da laka gaba ɗaya, sannan yara ke rayuwa. Wannan shi ne ginshiƙin maganin har yanzu. Daga baya aka haɗa da allurar kemo, aka kuma raba yaran gida biyu. Wanda ya kai shekara 3, aka cire ƙarin har abin da ya rage bai kai murabba'in santimita 1.5 ba, kuma ciwon bai yaɗu ba, haɗarinsa matsakaici ne, ana yi wa kai da lakarsa gashi na ma'aunin girei 23.4. Wanda ya kai shekara 3 amma ya saɓa wa sauran sharuɗɗan, girei 36 zai sha. Gurbin ƙarin kuwa ana ƙara masa har ya kai wajen 54. Da wannan tsarin, wani babban gwaji na Amurka da Roger Packer ya jagoranta ya nuna a 2006 cewa kashi 81 cikin ɗari na yara masu matsakaicin haɗari sun kai shekara 5 ciwon bai dawo ba.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Gashi ba ya bambance ƙwayar ƙari da ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar girma. Wani bincike da aka buga a 2001 ya gano cewa yaran da aka yi wa girei 23.4 makinsu na gwajin basira yana sauka da kusan 4 a kowace shekara. Ba wai suna manta abin da suka sani ba ne. Koyon sabo ne ke yi musu nauyi, sa'o'insu suna gaba su suna ja da baya, har ya zama yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a aji uku ta kai aji shida tana fama da karatun aji huɗu. Ƙashin baya ba ya tsawo yadda ya kamata, sai ka ga matashi mai dogayen ƙafafu da gajeren gangar jiki. Ƙullin da ke fitar da sinadarin girma yana raunana, haka na maƙogwaro. Maganin kemo mai suna sisfilatin yana cin ji. Bayan shekara goma ko ashirin kuma wani sabon ƙari na iya fitowa a inda aka gasa. Duk likitan da ya taɓa zama da waɗannan yaran bayan sun girma ba sai an roƙe shi ya rage gashi ba, hujjar da zai kafa kawai yake nema.

Gida huɗu

Hujjar ta zo daga ɗakunan gwaje-gwaje. A 2002 Scott Pomeroy a Boston ya nuna cewa idan aka duba waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikin ƙari, ana iya hasashen wane yaro zai rayu. Ayarin Richard Gilbertson a asibitin St. Jude da ke Memphis, da Marcel Kool a Amsterdam, da Paul Northcott da Michael Taylor a Toronto, kowa ya tsefe nasa samfuran ya fito da nasa rabon, wani gida biyar, wani huɗu. A 2010 suka hallara a Boston suka daidaita a kan huɗu, aka buga matsayar a 2012: WNT, da SHH, da Rukuni na 3, da Rukuni na 4. Biyun farko sun ci sunan hanyoyin saƙon da suka lalace a cikin ƙwayar. Na biyun ma daga wata bushiya ta wasan bidiyo aka aro masa suna, aikin wani matashin mai bincike ne. Biyun ƙarshe kuwa lamba aka ba su don ba a san abin da ke tuƙa su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan rabon cikin kundinta na sunayen ƙarin ƙwaƙwalwa a 2016, ta ƙara faɗaɗa shi a 2021.

Yaran Newcastle masu cibiya ruwan ƙasa su ne 'yan gidan WNT. Su ne mafi ƙaranci, wajen ɗaya cikin goma. Galibi manyan yara ne da 'yan shekara goma sha, da wuya a same shi a jariri, kuma da wuya ya riga ya yaɗu a lokacin da aka gano shi. A lafiyayyar ƙwaya, beta-katenin ba ya daɗewa, ana ƙera shi ana rushewa. A wannan ƙarin, kusan tara cikin goma suna da tawaya a ƙwayar gadon da ke ƙera shi, CTNNB1, daidai wurin da ake buga masa hatimin rushewa. Sai ya taru, ya cika ƙwaya, ya kutsa cibiya ya kunna umarnin hayayyafa. Abin da rinin ya kama ke nan. Yawancinsu kuma sun yi asarar ɗaya daga cikin tagwayen kuromosom na 6, wato ƙunshin ƙwayoyin gado na shida. 'Yan kaɗan da ba su da tawayar CTNNB1 sau da yawa gadon tawayar APC suka yi daga iyaye, wadda ke jawo ciwon dajin hanji a dangi, saboda haka gano su yana nufin a binciki iyali duka.

Alƙaluma suka ci gaba da tabbatar da abin da aka gani. A gwajin SJMB03 na St. Jude, wanda ya ɗauki marasa lafiya 330, akwai 'yan WNT 53, kuma babu ko ɗaya da ciwon ya dawo masa.

To me ya sa? A nan ne, a ganina, ya kamata a tsaya a yi dogon tunani, domin amsar ta riga ta ƙunshi gargaɗi. Likitocin tiyata sun daɗe da lura cewa wannan ƙarin mai zubar jini ne. A 2016 Timothy Phoenix da Gilbertson suka bayyana dalili. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shinge mai tsauri da ke hana yawancin magunguna shiga. Ƙarin WNT yana fitar da wasu sinadarai da ke hana jijiyoyin da ke cikinsa gina wannan shingen, sai su zama kamar rariya. Maganin kemo irin su binkiristin, wanda ƙarin SHH ke tsare wa ƙofa, a nan kai tsaye yake shiga. Wato ba rashin mugunta ne ya sa yaran ke warkewa ba. Ƙari ne da ya bar ƙofarsa a buɗe, magani ya same shi. Duk wani adadi mai daɗin ji da aka samu, kashi 92 ne ko 53 cikin 53, daga yaran da aka yi wa cikakken magani aka same shi, har da gashin kai da laka. A lokacin babu wanda ya taɓa ganin yadda ƙarin zai yi idan aka janye wani sashe.

Masu taka-tsantsan da masu tsalle

Manyan ƙungiyoyi uku suka zaɓi ragewa kaɗan-kaɗan. St. Jude ta buɗe gwajin SJMB12 a 2013, ta sauko da gashin kai da laka zuwa girei 15 ga 'yan WNT da ciwonsu bai yaɗu ba, da zagaye 4 na kemo. Ƙungiyar likitocin dajin yara ta Amurka, a gwajin ACNS1422, ta tsaya a 18. Turawan gwajin PNET5 su ma 18, ga yaran da ba su kai shekara 16 ba.

Wasu biyu suka ce a yi ta ta ƙare. Kenneth Cohen na Johns Hopkins a Baltimore ya jagoranci wani ƙaramin gwaji da ya cire gashi ɗungurungum, tiyata da kemo kawai. Tunanin ba na wauta ba ne. Tunda magani yana shiga ƙarin kamar ruwa a yashi, ƙila shi kaɗai ya isa, yaro ya tsira da ƙwaƙwalwarsa ba a taɓa ta ba. Yara 6 aka ɗauka. Biyun da suka fara kammala magani, ba a daɗe ba ciwon ya dawo musu, a gurbinsa na farko da kuma a rufin ƙwaƙwalwa da laka. Aka rufe gwajin tun bai yi nisa ba, aka buga sakamakon a 2023.

A Mumbai ta Indiya, Tejpal Gupta da abokan aikinsa a cibiyar Tata Memorial suka bi tsaka-tsaki. Za a gasa gurbin ƙarin da cikakken girei 54, a yi zagaye 6 na kemo, amma a ƙyale sauran kai da laka. Sun tace sosai wajen zaɓe. Sai wanda gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar ɗan WNT ne, aka cire ƙarin kusan duka, hoton MRI da ruwan laka suka nuna babu yaɗuwa. Tsakanin 2017 da 2019 suka ɗauki yara 7. Ɗaya ya rasu a tsakiyar kemo sakamakon cutar da ta shiga jini lokacin da garkuwar jikinsa ta faɗi. Uku kuwa, a hotunan bibiya na shekara biyun farko, aka ga ƙari ya ɓullo a wasu sassan ƙwaƙwalwa ko a laka, wuraren da aka ƙi gasawa. Ka'idar dakatarwa da suka gindaya tun farko ta cika, suka tsaya. Yaran ukun an ceto su, amma da gashin kai da laka na girei 35, wanda ya haura abin da za su sha da an bi tsarin da aka saba tun farko. Wannan ita ce gaɓar da ta fi ci mini rai a duk labarin. An nemi a kauce musu 23.4, suka ƙare da 35, bayan 54 da aka riga aka zuba a ƙeya.

Dole a yaba wa ayarin biyu da abu ɗaya, ba su ɓoye ba. Rahoton Mumbai na 2022 tun daga kansa ya faɗi cewa barin gashin kai da laka yana tattare da haɗarin da ba za a lamunta ba. Gwajin da ya faɗi sau da yawa a aljihun tebur yake ƙarewa, kuma da waɗannan sun yi shiru da wani asibitin a wata ƙasa ya maimaita kuskuren a kan wasu yaran.

Abin da ya faru a jikin yaran ba ɓoyayye ba ne. Hoton MRI ba ya ganin ƙwaya goma ko ɗari da ke yawo a ruwa, ɗigon ruwan laka da aka zuƙa aka duba a madubin likita shi ma yana iya fitowa fes alhali suna nan. Kuma ƙwayar da ta ɓalle ta bar jijiyoyin nan masu kama da rariya a baya. Ta koma zaune a bayan lafiyayyen shinge, inda kemo ba ya isa da ƙarfi. Abin da Paterson ta gani a 1953 bai canza ba don an gano beta-katenin.

Wanda aka rage wa ba tare da an duba gidansa ba

Akwai wani gwajin da ya kamata a ajiye kusa da waɗannan, don kada a ɗauka alamar ba ta da amfani. ACNS0331 an tsara shi tun kafin a san gidajen huɗu. Ya raba yara 'yan shekara 3 zuwa 7 masu matsakaicin haɗari ta hanyar ƙuri'a, wasu girei 23.4, wasu 18, ba ruwansa da wane irin ƙari ne. Sakamakon da Jeff Michalski ya fitar a 2021 ya nuna kashi 82.9 na masu cikakken gashi sun kai shekara 5 lafiya, masu ragaggen kuwa kashi 71.4. Da aka koma aka tantance samfuran da aka adana, sai aka ga 'yan Rukuni na 4 ne ragin ya fi cutarwa. Girei 18 ɗin nan da ake gwadawa a kan 'yan WNT, ga wani yaron mai ƙari iri ɗaya a ido, hanyar dawowar ciwo ce.

Alamar tana aiki ta ɗaya gefen ma. A gidan SHH, Nataliya Zhukova da abokan aikinta a Toronto sun nuna a 2013 cewa idan ƙwayar gadon TP53 ta samu tawaya, masu kaiwa shekara 5 suna faɗowa daga kashi 81 zuwa 41. Tawayar nan ɗaya a cikin ƙarin WNT kusan ba ta canza komai. A Rukuni na 3, wanda ya fi kowanne muni musamman idan ƙwayar MYC ta ninninka, gwajin ACNS0332 ya gano cewa ƙara maganin kemo mai suna kabofilatin a kwanakin gashi ya ɗaga adadin masu kaiwa shekara 5 lafiya daga kusan kashi 54 zuwa 73, amma ga su kaɗai. Sauran gidajen wahalar maganin kawai suka sha.

Idan za a rage wa yaro magani saboda alama, to kuskuren karanta alamar na iya zama ajalinsa. Rinin beta-katenin da aka fara da shi yana da arha, kusan kowane ɗakin binciken nama zai iya yi, amma yana yaudara. Wani lokacin ƙwayoyi ƙalilan ne ke kamawa, wani likitan ya ce ya kama, wani ya ce bai kama ba, kuma yadda aka jiƙa naman a sinadarin adanawa yana shafar launin. Shi ya sa manyan gwaje-gwajen ba su yarda da rini shi kaɗai ba, sai an haɗa da shaida ta biyu, ko a karanta CTNNB1 a ga tawayar, ko a tabbatar da ɓatan kuromosom na 6. Tun 2018 kuma, bayan aikin David Capper da abokansa a Heidelberg ta Jamus, ana duba tsarin wasu ƙananan tambura da ke manne a jikin DNA a wurare dubu ɗaruruwa, kwamfuta ta gwada da na dubban samfuran da aka sani. A rahotonsu na farko, wajen kashi 12 cikin ɗari na ƙarin ƙwaƙwalwa da aka bi ta wannan hanyar sai da aka sauya musu suna. A 2023 masu bincike a Utrecht ta Holan suka nuna ana iya samun irin wannan amsar cikin minti 90, mara lafiya na kwance a kan teburin tiyata.

Inda aka tsaya

Ayarin Mumbai bai watsar da batun ba. Sun sake buɗe gwaji na biyu, wannan karon da gashin kai da laka na girei 18, wato sun dawo layin da Turai da Amurka suke. Babu wata babbar cibiya a yau da ke barin wannan gashin ga ɗan WNT da ya isa a yi masa. Muhawarar ta koma tsakanin 15 da 18 da 23.4, da yawan zagayen kemo, da girman wurin da za a ƙara wa gashi a ƙeya. A St. Jude an kuma nuna a 2021 cewa ɓurɓushin DNA na ƙari da ke cikin ruwan laka yana iya tona ragowar ciwo tun kafin hoto ya gani, abin da yaran Baltimore da na Mumbai ba su samu ba.

Ko girei 8.4 da aka zaftare tsakanin 23.4 da 15 ya sayi wani abu, ba a hoton MRI kaɗai za a gani ba. Za a gani a takardar sakamakon makaranta, a ma'aunin tsayi da ke jikin bangon asibiti, a gwajin ji. Yaron da aka yi wa magani yana ɗan shekara 8 a farkon gwajin SJMB12 yanzu ya haura ashirin, kuma har gobe ana kiransa asibiti a auna shi.